Zuwa tafkin ƙanƙara na Jökulsárlón daga Reykjavik: motar shata da ɗan jagora ko babbar bas?

Hajiya, kin tambaya ko shata za ku ɗauka zuwa wannan tafki na ƙasar Iceland ko babbar bas. Tunda ku biyar ne har da Inna da yara biyu, kuma a watan Yuli za ku taso daga Ingila, ki ɗauki shatar mota da ɗan jagora kawai. Babbar bas ta 'yan yawon buɗe ido ta dace da wanda yake shi kaɗai ko su biyu, masu ƙwarin jiki, waɗanda ba sa damuwa a ce musu "minti ashirin, kowa ya dawo mota".

Abin da masu talla ba sa son nanatawa shi ne nisan hanyar. Daga Reykjavik zuwa Jökulsárlón kusan kilomita 380 ne a kan Hanya ta 1, wadda ta zagaye ƙasar Iceland. Iyakar gudu a kwalta kilomita 90 ne a awa, cikin gari 50, kuma tarar wuce ƙa'ida tana da zafi, saboda haka babu direban kirki da zai taka fiye da haka don ya burge ku. Awa biyar zuwa, awa biyar dawowa. Kusan kamar mutum ya tashi daga Kano da asuba ne ya taɓa Abuja ya dawo ya kwana a gidansa. Dukkan tafiyar takan ci awa 14 zuwa 15, a bas ko a shata. Idan kin cire awa goma na zaman mota, saura huɗu ko biyar, kuma a cikinsu ne za a ci abinci, a shiga banɗaki, a yi salla, a ga abin da aka zo gani. To kuɗin da za ki ƙara a kan shata, na mallakar waɗannan awannin ne.

Bas tana da arha kuma direbobinta sun san hanya, wannan ba a hana ta. Amma manyan motoci ba sa shiga wasu titunan tsakiyar Reykjavik, sai ku fito da sassafe ku tsaya a tasha mai lamba kuna jiran a zagayo a kwashe ku. A kowane zango mutum arba'in ko hamsin ne za su sauka lokaci ɗaya su yi layi a banɗaki ɗaya, mutum guda ya makara a tauye lokacin zango na gaba. Dattijuwa mai ciwon gwiwa kafin ta sauko ta daidaita, rabin lokacin ya tafi.

A shata kuwa ɗan jagora zai zo ƙofar masauki ya ɗauke ku, kuma tsarin tafiyar a hannunku yake. Wanda ya ƙware zai duba hasashen yanayi na vedur.is tun da dare, ya ga inda ruwan sama zai fi ƙarfi, sannan ya yanke ko a fara da magangarun ruwa biyu da ke kan hanya, Seljalandsfoss da Skógafoss, ko a wuce su a dawo musu da yamma. Mafi yawan lokuta wucewar ta fi. A tashi ƙarfe bakwai, a huta a garin Vík, wanda yake kusan kilomita 180 daga Reykjavik, a isa tafkin da tsakar rana yara ba su gaji ba tukuna. Magangarun ruwan suna nan a hanyar dawowa, kuma a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗaya na dare ko bayan haka, babu fargabar duhu. Seljalandsfoss ma yamma take kallo, hasken la'asar sakaliya ya fi yi mata kyau.

Magangarun biyu tsayinsu kusan ɗaya ne, mita 60, amma ba iri ɗaya ba ne ga mai tafiya da dattijuwa. Skógafoss faffaɗa ce, kusan mita 25, daga wurin ajiye mota zuwa gindinta fili ne shimfiɗaɗɗe, Inna za ta taka a hankali har inda feshin ruwan ya fara jiƙa ta. Akwai matakala ɗaruruwa a gefe da ke kai mutum sama, ki bar wa yara wannan. Seljalandsfoss ita ce wadda ake zagayawa ta bayan ruwan, hanyar ƙunci ce mai santsi da taɓo, kuma duk wanda ya bi ta sai ya jiƙe sharkaf. Inna ta tsaya daga gaba ta kalla. Tafiyar minti goma daga nan akwai wata ƙarama, Gljúfrabúi, a ɓoye cikin tsagin dutse, ana shiga ta kan duwatsun rafi. Masu bas da yawa ba sa samun lokacinta. Dutsen da ke saman wannan yanki shi ne Eyjafjallajökull, wanda amansa ya tsayar da jiragen saman Turai a Afrilun 2010, ruwan Seljalandsfoss daga narkewar ƙanƙararsa yake saukowa.

Bayan Vík hanya takan yi tsawo, mutanen bas yawanci barci suke yi a nan, alhali akwai abin gani. Za ku ratsa Eldhraun, filin daskararren aman wuta na Laki na 1783 wanda gansakuka ta lulluɓe (kada yara su taka ta, shekaru da yawa take ɗauka kafin ta farfaɗo). Sai sararin baƙin yashi na Skeiðarársandur, inda aka ajiye murɗaɗɗun ƙarafunan gada a gefen titi. A 1996 ne dutse ya yi aman wuta a ƙarƙashin Vatnajökull, ƙaton tudun ƙanƙarar da ya lulluɓe duwatsun yankin, ruwan da ya narke ya ɓalle da curarrakin ƙanƙara ya karya gadar. Tsayawar minti biyar ce, amma a nan yaro zai gane ƙarfin abin da yake hangowa fari fat a gefen hagu. Vatnajökull ta rufe kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar baki ɗaya.

Tafkin kansa bai tsufa ba. Wajen 1935 ya fara samuwa, lokacin da Breiðamerkurjökull, wani reshe na tudun ƙanƙarar Vatnajökull, ya soma ja da baya ya bar rami ruwa ya cike, kuma har yau faɗaɗa yake yi. Zurfinsa ya haura mita 240, babu tafkin da ya kai shi zurfi a ƙasar. Ƙanƙara tana ɓantarewa daga bakin tudun ta faɗa ruwa, ta yi ta yawo har ta ƙanƙance ta bi ɗan gajeren kogin da ke ƙarƙashin gada ta fita teku. Idan kin tsaya a bakin ruwa kin yi shiru za ki ji tana ƙara ƙas-ƙas, iskar da ta daɗe a matse a ciki ce take kuɓucewa. Wadda ta yi shuɗi sosai ba ta daɗe da juyawa ba, ɓangaren da ke cikin ruwa ne ya dawo sama, ƙanƙara ce da nauyi ya matse har babu kumfar iska a cikinta. Baƙaƙen layukan da ke jikin wasu tokar aman wuta ce ta shekarun baya. Abin da ido ke gani kusan kashi ɗaya ne cikin goma, sauran yana ƙarƙashi, shi ya sa take kifewa ba sanarwa. Kada kowa ya hau, ko da ta matso gaɓa. Ruwan yana dab da daskarewa, mutum ba ya daɗewa a ciki da ƙarfinsa.

Ƙetaren titi akwai gaɓar teku mai baƙin yashi inda igiyar ruwa ke dawo da gutsattsarin ƙanƙara. Yawansu ya danganta da cikar teku da janyewarta da kuma iska, wata rana gaɓar a cike, wata rana ƙwaya-ƙwaya. Nan ma shata ta fi, domin ɗan jagora zai leƙa gabas da yammacin gadar ya kai ku inda suka taru. In kuma ya ga tafkin ya cika da motoci, akwai ƙaramin tafki irinsa, Fjallsárlón, kusan kilomita goma kafin a iso, can bakin tudun ƙanƙarar ya fi kusa da ido.

Jirgin ruwa iri biyu ne a tafkin, kuma suna aiki ne daga bazara zuwa kaka kawai. Akwai babba mai tayoyi da ake hawa a tudu ya gangara cikin ruwa, kusan rabin awa ko fiye kaɗan, shi ya dace da Inna da yara. Akwai na roba mai gudu da ke kusantar bakin ƙanƙarar, wajen awa guda, ana ba da rigar ɗumi mai hana nitsewa, amma yana da ƙa'idar shekaru ko tsawon yaro. Kuɗin jirgi sau da yawa ba ya cikin kuɗin mota. A Yuli a yanki tikiti tun da wuri, a zaɓi lokacin da ya bar muku rarar awa guda saboda hanya.

Wani abu da ban ga kin ambata ba: hawa kan ƙanƙarar da ƙafa da wuya ya haɗu da zuwa Jökulsárlón a yini ɗaya. Hawan kaɗai yakan ci kusan awa uku, da ɗaura ƙarafuna masu haƙora a ƙasan takalmi, da hular kwano, da ɗan jagora na musamman mai horo. In hawan ne burin yaran, a tsaya a tudun ƙanƙara na Sólheimajökull kafin Vík, a yafe tafkin, tafiyar ta koma kamar awa goma. In gani kawai ake so, daga wurin ajiye mota na Sólheimajökull tafiyar minti ashirin ce zuwa inda ake kallon bakinta. Kogon ƙanƙara na yankin tafkin kuma na hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Maris. A Agustan 2024 bangon wani kogo ya rufta a Breiðamerkurjökull ya kashe wani Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido. Duk wanda ya yi miki tayin shiga kogon wannan yanki a Yuli, ki wuce shi.

Tuƙa kanku? Ya fi arha, amma mai tuƙin ba zai ga komai ba sai titi. A dama ake tuƙi, saɓanin Ingila. Akwai gadoji masu hannu ɗaya a gabashin hanyar, wanda ya fara isa shi ke wucewa. Tumaki suna tsallaka titi yadda suka ga dama. Iska takan fizge ƙofar mota ta lanƙwasa ta, kuma inshorar haya yawanci ba ta biyan wannan, haka ma ɓarnar yashi da toka sai an saye ta daban. Idan za ku kwana a hanya, to da sauƙi. A yini ɗaya, a'a.

Salla da abinci ma suna cikin lissafin. A bas babu mai jiran ki ki yi alwala. A shata ki faɗa wa ɗan jagora tun da safe, ku haɗa azahar da la'asar a zango ɗaya, ki riƙe darduma mai leda a ƙasa saboda danshi. Wuraren cin abinci na hanya suna da kifi da dankali da miyar ganye. Ki kula da tsiran burodin nan da ake sayarwa a kowane gidan mai, naman rago ne da na shanu haɗe da na alade. Ruwan famfo ana sha, gora kawai za ku riƙe. Tufafi kuwa hawa uku: na ciki mai ɗumi, suwaita, sai riga da wando masu hana ruwa. Lema ba ta da amfani a iskar can. Doguwar abaya za ta sha taɓo, a sa wando mai hana ruwa a ƙasa a ɗage ta kaɗan, mayafi kuma a cusa shi cikin jaket.

Idan ɗan jagora ya kai ku gaɓar Reynisfjara kusa da Vík, ki riƙe hannun yara. Igiyar ruwan wurin takan yi lamo sannan guda ɗaya ta zo ta wuce inda sauran suka tsaya ta ja mutum, an yi asarar rayuka a nan. Akwai fitilun gargaɗi a mashiga, in ja ce ke ci ba a sauka. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto.

Yanzu maganar 'yan damfara, ko da ba ki tambaya ba. Akwai dillalai a Facebook da Instagram masu hotuna masu kyau da ba su da mota ko ɗaya, su karɓi kuɗin shata su sayo miki kujeru a ƙaramar bas ta mutum goma sha tara. Hukumar yawon buɗe ido ta Iceland, Ferðamálastofa, ita ke ba da lasisi, kuma tana da jerin sunayen masu lasisi a shafinta. Ki duba sunan kamfanin a can, kada ki tsaya ga tambarin da suka manna. Ki biya da kati, ba tura kuɗi asusun wani mutum ba. Wanda ya yi miki alƙawarin magangarun ruwa da hawan ƙanƙara da jirgin ruwa da kogo duk a yini ɗaya, ko bai san hanyar ba ko ya raina ki. Haka wanda ya haɗa miki da alƙawarin ganin hasken nan mai launuka da ke bayyana a sararin arewa da dare, a Yuli, lokacin da dare ba ya yin duhu.

Kuɗin shata na mota ne gaba ɗaya, na bas kuma na kujera ne. Ki raba kuɗin shatar gida biyar ki kwatanta da kujeru biyar, ki tuna bas takan yi wa yara ragi. Shata za ta fi tsada duk da haka, amma tazarar ba ta kai yadda take ga mutum biyu ba. Kafin ki biya, ki sa su rubuta miki a imel cewa motar taku ce ku kaɗai, da irin motar da yawan kujerunta, da kujerar yara in ƙaramin yana bukata, da adadin awanni da kuɗin ƙarin awa, da ko tikitin jirgi da kuɗin ajiye mota suna ciki, da abin da za a mayar miki idan iska ta sa aka rufe hanya. Ki sa tafiyar a rana ta farko ko ta biyu bayan isarku, don in yanayi ya ɓaci a samu ranar ɗagewa, kuma kada ki sa jirgin komawa da asubar washegari.