GoodRx ko SingleCare: wanne ya fi sauƙi wajen sayen sertraline?

Wata 'yar'uwa a nan Amurka ta tambaya: likita ya rubuta mata sertraline 50mg saboda ciwon damuwa, ba ta da inshora, tsakanin GoodRx da SingleCare, manhajojin da ke ba da katin rangwamen kuɗin magani, wanne za ta riƙe? 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya, kuma kin kyauta da kika fito kika tambaya.

Sertraline dai shi ne Zoloft na kamfanin Pfizer, sai dai tun 2006 wasu kamfanoni suka samu damar yin sa, farashinsa ya faɗi warwas. Saboda haka kuɗin da ake fara faɗa miki a kanta kada ya tsorata ki.

Su biyun aikinsu ɗaya, kuma kyauta ne. Za ki rubuta sunan magani, ƙarfinsa, yawan ƙwaya da lambar unguwarki, sai farashin kantuna ya fito a jere. Ki nuna wa mai ba da magani wayarki, ya shigar da lambobin da ke jikin katin rangwamen, waɗanda ake kira BIN da PCN. Bambancin yana ga yarjejeniyar da kowannensu ya ƙulla, shi ya sa GoodRx zai iya fin sauƙi a kantin magani na Walgreens, SingleCare kuma ya fi a kantin CVS ɗin da ke tsallaken titi, wata mai zuwa abin ya juya. Ni nakan buɗe duka biyun ina tsaye a layi, in ce a gwada min kowanne. Ba a taɓa hana ni ba.

Abu ɗaya da ya tsaya min a rai: a Fabrairun 2023 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta ci tarar GoodRx dala miliyan 1.5 kan miƙa bayanan lafiyar mutane ga su Facebook da Google don talla. Ga mai shan irin wannan magani a cikin al'ummarmu, inda surutu bai da wuya, sirri ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya ɗaukar katin ba tare da buɗe asusu ba, ni haka nake yi.

Kada ki tsaya kan su biyun kawai. Walmart na da jerin magunguna masu rahusa tun 2006, daga dala 4 na kwana 30, dala 10 na kwana 90. Jerin yana canzawa, ki tambaya ko naki na ciki. Costco kuwa ba sai kina da katin mamba za ki karɓi maganin likita ba. Cost Plus Drugs, kantin magani na intanet na attajiri Mark Cuban, yana ɗora kashi 15 cikin ɗari kan kuɗin sari, da dala 5 na aiki, da kuɗin aikawa, don haka sauƙinsa sai a na wata uku, ga kuma jiran fosta.

Jiran nan ne abin lura. Sertraline ba a yanke shi kwatsam, yin hakan yakan kawo jiri, tashin zuciya da rashin barci. Ki roƙi likita ya rubuta na kwana 90, ya kuma rubuta ƙwaya ba kafso ba, domin kafson ya fi tsada nesa ba kusa ba. In kin samu kanti mai sauƙi, su za ki kira, su ɗauko takardarki daga tsohon kantin tun da sauran na mako guda a kwalba.