Sharhi kan kayan koyon aikin jaridar noma na Farm Radio International

Ma'aikacin rediyon da aka ɗora wa shirin manoma alhali bai karanci aikin gona ba, da malamin gonar da aka miƙa wa makirufo ba tare da ya taɓa zama a ajin aikin jarida ba, dukansu za su amfana da kayan koyarwar da ƙungiyar Farm Radio International take wallafawa kyauta a intanet. Hedikwatar ƙungiyar tana birnin Ottawa na ƙasar Kanada, kuma George Atkins ne ya kafa ta a 1979, bayan ya shafe shekaru yana gabatar da shirin manoma a gidan rediyon CBC. Abin da ya zaburar da shi shi ne wani taro da ya halarta a Zambiya a 1975, inda ya lura cewa takwarorinsa suna watsa bayanai kan tarakta ga masu sauraron da akasarinsu da hannu suke noma.

Akwai rubutattun shirye-shirye da wasannin kwaikwayo, akwai kuma labaran manoma da ake fitarwa da sunan Barza Wire, amma a ganina jagororin koyar da sana'ar kanta su ne suka fi daraja. Suna bayani dalla-dalla kan yadda ake hira da manomi, da yadda ake hira da masani, da yadda ake tafiyar da shirin da masu sauraro suke bugo waya ba tare da mutum ɗaya ya cinye lokacin kowa ba.

Batun hira da masani ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne shirin noma ya fi lalacewa. A ɗauki misalin tsutsar nan mai cin masara wadda aka fara samun rahoton ɓullarta a Afirka a 2016. Idan aka bar masani ya sake, zai fara da sunan tsutsar na kimiyya da asalinta a nahiyar Amurka, kafin ya iso inda ake jiransa lokaci ya ƙare. Mai gabatarwar da ya ƙware zai tare shi cikin ladabi ya ce, “Malam, idan manomi ya shiga gonarsa da sassafe, me zai gani a jikin ganye da zai tabbatar masa ita ce?” Sai masanin ya sauko ya yi maganar ƙananan huji a ganye, da kashin tsutsar mai kama da garin katako a cikin kunnen masara, da dalilin da ya sa ake son a duba gona tun shuka tana ƙarama. Irin wannan tambaya ce jagororin suke horar da mutum ya saba da ita, kuma ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan jaridar da yake jin nauyin katse mai digiri.

Ƙungiyar tana da ma'auni na tantance shiri wanda take kira VOICE. Yana tambaya ko shirin yana mutunta ƙananan manoma maza da mata, ko yana ba su damar magana da bakinsu, ko bayanin ya zo a lokacin da ake buƙatarsa, ko ana watsa shi a kai a kai a sa'ar da manomi zai iya saurara, sannan ko yana da daɗin ji. Maganar lokaci ta fi burge ni, saboda bayani kan zaɓen iri da ya zo bayan an gama shuka ba shi da amfani komai ingancinsa.

Sai dai akwai inda ya kamata a yi hattara. Yawancin rubutattun shirye-shiryen an gina su ne kan hirarrakin da aka yi a wata ƙasa takamaimai, don haka lokacin shuka da sunan iri da maganin ƙwarin da aka ambata ba lallai su dace da wani wuri ba. Ƙungiyar da kanta tana ba da shawarar a daidaita su da yanayin masu sauraro, kuma wanda ya ɗauka ya karanta kai tsaye ba tare da ya tuntuɓi malamin gona ba, shi ya jawo wa kansa. An fassara wasu daga cikin kayan zuwa Hausa da Swahili da Amharik, amma mafi yawansu da Ingilishi da Faransanci suke.

Haka kuma, rediyo ne ginshiƙin komai a nan. Mai rubutu a jarida ko mai ɗaukar gajeren bidiyo da waya zai tsinci abin amfani a darussan hira da na sauƙaƙa harshe, amma wanda yake son koyon binciken ƙwaƙwaf, kamar bin diddigin kuɗin tallafin taki daga kasafi zuwa hannun manomi, sai ya haɗa da wani horon na daban.