Shagon littattafai a Agege da mai shi ke karanta hajarsa

Mai neman sabon littafin labari a Legas yawanci sai ya haura Ikeja, ko ya sha cunkoso har Surulere ko Ikoyi. To, a nan Agege akwai wani ɗan shago a layin masu ɗinkin hula, ba nisa da Markaz, wanda ya rage mini wannan wahalar. Ba shi da allon suna. Kanta biyu ce da benci ɗaya. Rabin kayan Ƙur'anai ne da Ahalari da Ishmawi da tasbaha, kuma su ke ciyar da mai shagon. Ɗaya rabin ne ya sa nake wannan rubutu.

Mai shagon dattijo ne Bazazzagi, tsohon malamin makaranta, kuma duk littafin da ya ɗora a kanta sai ya karanta shi tukuna. Idan ka ɗauko wanda bai yi masa ba, zai ce, "Hajiya, ajiye wannan, bangon ne kawai ke da kyau." Ban taɓa ganin ɗan kasuwa mai kushe hajarsa haka ba.

Abin da ya fara miƙo mini shi ne When We Were Fireflies na Abubakar Adam Ibrahim, wanda kamfanin Masobe na nan Legas ya buga a 2023. Labarin wani mai zane ne, Yarima Lalo, da ya ga jirgin ƙasa yana tafiya a karon farko, sai ya soma tuna cewa an taɓa kashe shi har sau biyu a rayuwar da ya yi a baya. Daga nan ya shiga neman waɗanda suka yi kisan, tare da wata mata mai suna Aziza da ke ɗauke da nata ciwon. Malam ya gargaɗe ni tun farko: "Ƙirƙira ce, ba aƙida ba, kada ki zo gobe da fatawa." Tsakiyar littafin ta ɗan ja, gaskiya, amma tambayar da yake yi a kan ramuwa da yafiya ba ta sakin mutum da wuri.

Duk da haka, in kuɗinka na littafi ɗaya ne, sayi wanda marubucin ya fitar a 2015, Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, dala 100,000. Hajiya Binta Zubairu ce, mai shekara 55, rikicin Jos ya cinye mijinta ta koma Mararaba, sai ta faɗa tarayya da Reza, ɗan daba mai shekara 25 da ke sayar da wiwi. Na san daga jin haka wasu sun riga sun ce a'uzubillahi, kuma ba littafin da za ka bari a falo ba ne inda 'yan mata ke wucewa. Malam kansa a jarida yake naɗe shi. Amma abin da ya kama ni ba shi ne abin da ake tsegumi a kai ba. Binta ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba saboda kunya, ba ta ja shi a jiki ba, har ya mutu. Bature zai karanta wannan ya wuce a matsayin baƙuwar al'ada. Mu kuwa da muka tashi muka ga iyayenmu mata suna kau da kai idan ɗan fari ya shigo ɗaki, mun san nauyin abin. Ni 'yar fari ce, sai da na ajiye littafin na je na ɗora tukunya kafin na iya ci gaba.

Ga mai son abin da zai karanta ba tare da ɓoyewa ba, akwai An Abundance of Scorpions na Hadiza Isma El-Rufai, bugun Ouida a 2017: wata mata mai suna Tambaya ta rasa miji da 'ya a haɗarin mota, ta ƙare da aiki a gidan marayu a Abuja. Turancinsa mai sauƙi ne, ya dace da wadda ta daɗe ba ta riƙe littafi ba. Sai A Spell of Good Things na Ayobami Adebayo, wanda ya shiga jerin farko na kyautar adabi ta Booker a 2023. A jihar Osun aka kafa labarin, tsakanin yaron da aka kori ubansa daga koyarwa da wata matashiyar likita 'yar masu hali, kuma 'yan siyasa da karnukan farautarsu ne ke haɗa su. Wanda ya ga zaɓe a Arewa ba zai ji baƙunta ba.

Inda shagon ya gaza shi ne ɓangaren Hausa. Tsofaffin bugu ne na adabin kasuwar Kano, takarda ta yi ja, wasu na ɗaya da na uku suna nan, na biyu babu. Ba laifin Malam ba ne shi kaɗai, tunda marubutanmu na yanzu sun koma WhatsApp da Wattpad, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ke yi wa mata tun 2016 ta nuna akwai masu alƙalami, masu bugawa ne suka yi ƙaranci. Amma ya kamata ya daina cewa "kaya na hanya daga Kano" in ba su taso ba. Na kuma tarar da kwafi ɗaya na jabu a cikin na Turanci, rubutun ya dushe, shafuka sun karkace. Da na nuna masa ya janye shi, ya ce daga kasuwar Idumota aka haɗo masa. Ka buɗe tsakiyar littafi ka duba kafin ka biya.

Farashinsa bai fi na manyan shaguna ba, kuma yana karɓar tiransifa. Abin da babu, in ka ba da kafin alƙalami, yakan samo cikin mako. Ba ya buɗewa ranar Juma'a sai bayan La'asar. Mai zuwa daga Oyingbo ko Mushin ya hau jirgin Red Line ya sauka a tashar Agege, daga nan Keke Napep zai ƙarasa da shi.