Shugaban kamfanin jirgi a bakin aiki: a bayyane ko da ɓad-da-kama?

Tun da na yi maganar shugabannin kamfanonin jiragen sama da ke sauka su yi aikin ƙananan ma'aikata, ake ta tambayata wanne ya fi: a je a bayyane, ko a ɓoye?

A bayyane dai ba ya cin kuɗi. A 2023 Jens Ritter, shugaban kamfanin Lufthansa na Jamus, ya sa kayan ma'aikatan cikin jirgi, ya raba abinci a tafiyar Riyad da Bahrain. David Neeleman kuwa, lokacin da yake shugabancin kamfanin JetBlue na Amurka, ya mai da abin al'ada: ya ɗaura ƙyallen aiki, yana bin kujeru da kwandon kayan maƙulashe yana jin koken fasinjoji. Matsalar ita ce kowa ya san maigida ne. Ranar ba mai makara, ba mai guna-guni.

Ɓad-da-kama ta fi tono gaskiya. Bryan Bedford ya yi ta a 2010, lokacin da yake shugabancin kamfanin Frontier na Amurka, har da share jirgi da kwashe ruwan banɗaki, kodayake da kyamarorin talabijin a bayansa, abin da ke rage mini armashin labarin. Ga wahalar shiryawa, tunda ba a shiga bayan fagen filin jirgi sai da katin izini. Kuma sau ɗaya ake yin ta. Asiri na tonuwa, wasu za su ji kamar leƙen asirinsu aka yi.

Sabon shugaban da ba a san fuskarsa ba, kuma yake zargin ana yi masa kwaskwarimar rahoto, ɓad-da-kama ta dace da shi. Wanda ya daɗe a kujera, yana neman amincewar ma'aikata, ya je a bayyane, ya riƙa komawa har a daina kallonsa.