Gidan haya ko otal a Sisiliya, da maganar cin abinci a waje

Salam Hajiya. Kin ce ku biyar ne, ke da maigida da yara uku, sati ɗaya za ku yi a tsibirin Sisiliya na Italiya, wai ku kama gidan haya irin na Airbnb ku dinga girki ko ku sauka a otal ku ci a waje. To ni duka biyun na gwada a Palermo, babban birnin tsibirin, ga yadda na gansu.

Otal dai sauƙinsa a fili yake, ko ƙarfe biyun dare kuka sauka akwai mai karɓarku, a gyara ɗaki a canja tawul, amma ku biyar da wuya a ba ku ɗaki ɗaya sai dai ku kama biyu, kuma karin kumallonsu burodi ne mai zaƙi da kofi, gefe guda ga yankakken naman alade a faranti, yaran da suka saba da shayi da wainar ƙwai ba za su ƙoshi ba wallahi.

Gidan haya kuwa kina da kicin da firij da injin wanki, ga falon da za ku yi jam'in sallah. Amma ki tambayi mai gidan abu biyu kafin ki biya, akwai lif? akwai eyakwandishan? Domin gidajen tsohon gari benaye ne na da, wanda muka kama hawa na huɗu ne ba lif, da akwatunanmu muka hau. Mai gidan hayar zai nemi fasfo ɗin kowa har na yara, kar ki tsorata doka ce, 'yan sanda yake kai wa sunayen, otal ma haka suke yi. Harajin baƙi na kowane dare shi ma a Palermo, otal ko gidan haya, sai kun biya. Kuma tun 2025 dole kowane gidan haya ya nuna lambar rajista da suke kira CIN a jikin tallarsa, in ba ki gan ta ba ki wuce kawai.

Abinci shi ne inda nake so ki natsu. Gidajen abincinsu na dare ba sa buɗewa sai wajen bakwai da rabi ko takwas, lokacin yara sun fara gyangyaɗi, kuma da kun zauna akwai kuɗin tebur da suke ce wa coperto, yuro 2 ko 3 kan kowane mutum, ku biyar ki lissafa sau biyu a rana. Sannan alade ba a nama kawai yake ba Hajiya, kitsensa da suke kira strutto yana shiga wasu burodin, yana shiga ɓawon cannoli, kayan zaƙin nan nasu da kowa ke ɗauka a hoto, wasu har da giya suke kwaɓa shi. Burodin saifa na Palermo, pani ca meusa, saifar ta saniya ce amma a kitsen alade ake soya ta. Ki riƙe kalmar nan strutto, ki dinga tambaya, suna faɗin gaskiya ba sa jin haushi.

Duk da haka kar ku ƙi cin waje gaba ɗaya, asara ce. Ku ci pasta alla Norma, taliya ce da tumatir da soyayyen yalo da cuku, ba nama ko kaɗan. Ku ci panelle, kamar ƙosai ne amma fale-fale, da garin wani wake ake yi. In kun leƙa garin Trapani akwai kuskus da romon kifi, ni dambu ya tuna min, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Musulmi sun shiga tsibirin a 827 suka kama Palermo a 831, suka riƙe ta har 1072. Kifi kawai ki ce kar a zuba masa vino, giyar inabi ke nan.

Abin da ya sa na fi son gidan haya kasuwar Ballarò ce ta cikin Palermo. Da safe masu kifi na ta kwarara kira kamar kana Sabon Gari, kifi a kan ƙanƙara, tumatir jawur, lemon tsami da ganyensa, kuma a lungunan wajen akwai shagunan 'yan Bangaladash da 'yan Afirka masu naman halal da shinkafa da attarugu, har kuɓewa na samu. Ranar miyar kuɓewa muka sha a Palermo, yara suka yi barci da wuri.

Don haka in ni ce ke gida zan kama kusa da Ballarò ko kasuwar Capo, safe da dare a girka, da rana a fita a ci kifi. Otal sai in kwana biyu kacal za ku yi ko jirginku cikin dare zai sauka. Ki taho da yajinki da daddawa a gwangwani mai murfi, su kam ban gansu a can ba.