Project Gutenberg ga mai nazarin mata a adabin Ingilishi

Project Gutenberg ɗakin karatu ne na intanet da Michael Hart ya assasa a 1971. Littattafansa sun haura 70,000, kyauta, ba a neman rajista. Mai nazarin matsayin mace a adabin Ingila zai samu A Vindication of the Rights of Woman na Mary Wollstonecraft (1792), da Pride and Prejudice na Jane Austen (1813), da Jane Eyre, wanda Charlotte Brontë ta fitar a 1847 da sunan aro, Currer Bell.

Babban amfaninsa ga ɗalibin nahawu shi ne bincike cikin matani. A buɗe littafin Austen a tsarin HTML, wato na karantawa a shafin intanet, inda duk babobin suke shafi ɗaya, a danna Ctrl da F, a rubuta "everybody". Za a ga wuraren da Austen ta biyo bayansa da "their", alhali masana nahawu na zamaninta suna cewa "his" ne daidai ko da mata ake nufi. Wannan ƙa'ida har doka ta shiga, domin a 1850 majalisar Birtaniya ta zartar cewa lafazin namiji a cikin dokoki ya haɗa da mace. Ganin misalan a cikin jimlolinsu ya fi haddar ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai gyara. Matanin tsurarsa yake zuwa, babu sharhin malami a ƙasan shafi, kuma wannan rashi yana da tsada. Wanda bai san cewa gidan su Bennet, iyalin da ke cikin Pride and Prejudice, an ɗaure gadonsa ga maza kaɗai ba, zai ɗauka uwar 'yan matan biyar kwaɗayi ke damunta, alhali tsoron rasa matsuguni ne ranar da mijinta ya rasu. Haka kuma shafin ba zai faɗa ba cewa kuɗin matar aure a Ingila na mijinta ne, har sai da dokokin 1870 da 1882 suka sauya lamarin. In babu wannan sani, hujjojin Wollstonecraft sai su zama kamar ƙorafi kawai.

Mai koyon Turanci ya yi hattara da tsohon salo. "She is come" daidai ne a wancan lokaci, yau "she has come" ake rubutawa, kuma mai duba jarrabawa zai ja masa layi. A guji tsarin rubutu zalla ma, saboda kalmomin da marubuciya ta karkata don nanatawa suna fitowa tsakanin 'yan layuka biyu, su dagula karatu. EPUB, tsarin littafin lantarki, ya fi dacewa da waya.

Yawancin littattafan ba su da lambar shafi, don haka a kafa hujja da lambar babi. Project Gutenberg yana bin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, wadda ke kare tsofaffin littattafai shekara 95, shi ya sa ba za a samu marubuta mata 'yan Najeriya irin su Flora Nwapa ko Buchi Emecheta a ciki ba. Waɗannan sai an neme su a wani wuri.