Ƙarfe Goman Dare A Gidan Gem Na Seoul

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ƙanina ya dame ni in turo masa jari ya buɗe gidan gem a unguwarmu, shi ya sa na ga gara in ba ku labarin abin da idona ya gani a nan Koriya ta Kudu, kowa ya ji.

Wani dare kwamfutata ta mutu, ga aikin makaranta da zan miƙa da safe. Wani ɗan ajinmu ya ce in zo mu je PC bang. PC kwamfuta ce, a yarensu kuma bang ɗaki ne, wato gidan gem ɗinsu ke nan. Wajen ƙarfe tara muka sauka ƙasan wani bene kusa da jami'a, ni kuma a raina ina hango irin namu: benci, talabijin biyu, janareto na ta kuka. Sai na tarar da kwamfutoci sun fi ɗari a jere, kujeru masu laushi, ƙasa fes. A jikin na'ura ake biya a bakin ƙofa, awa ɗaya won 1,000 zuwa 1,500, wato wajen dala ɗaya. Kofi ma ya fi haka tsada a garin nan.

Ina cikin aiki ƙarfe goma ya buga. Ma'aikacin wajen ya fara bin layi-layi yana duba fuskoki, wanda ya yi shakkarsa ya nemi katin shaida. Yara 'yan sakandare, wasu da kayan makaranta a jikinsu, suka riƙa miƙewa suna rataya jaka. Akwai wanda ke gefena, wasansa ya yi zafi, amma ya cire abin kunne ya fita, ko tsaki bai yi ba. Ba magiya, ba "bari in ƙarasa wannan". Abokina ya ce doka ce, ƙananan yara ba sa wuce ƙarfe goma a irin wuraren nan, mai shagon da ya bari kuma hukuma za ta hukunta shi. Wallahi na daɗe ban taɓa madannai ba, ina ta tuna gida. Yaro ya gudu daga Islamiyya ya shige gidan gem, mai shago yana ganinsa da allo ko jaka ya karɓi kuɗinsa ya yi gum. Uwa ta yi ta nema har isha. Sannan mu riƙa mamakin me ya sa iyaye suke kallon sana'ar kamar matattarar lalacewa. Mu muka ɓata ta da kwaɗayin naira ɗari.

Na tambayi yadda suke cin riba da wannan arahar. Ashe a abinci take. Daga kan kwamfutarka za ka zaɓi taliyarsu ta ramyeon, ko soyayyiyar shinkafa, ko kofi mai ƙanƙara, a kawo maka har kujera. Wasan shi ke zaunar da mutum, cikinsa ke biyan haya. Kamfanonin wasa ma suna karɓar rabonsu daga mai shago, su kuma su buɗe wa masu wasa a wajen abubuwan da a gida sai ka saya. Sana'ar ta bunƙasa ne bayan karyewar tattalin arzikinsu a 1997, lokacin da waɗanda suka rasa aiki suka riƙa buɗe shaguna, ga wasan StarCraft ya fito a 1998, ga intanet mai sauri yana yaɗuwa. Shagunan sun taɓa haura 20,000, yanzu sun ragu sosai saboda wayoyi da kwamfutar gida. Har yanzu dai yaran suna burin zama kamar Faker, gwarzonsu na wasan League of Legends.

Ba komai ne ya yi min daɗi ba. Yawancin abincin akwai alade ko ruwan namansa, kofi kawai nake iya sha hankali kwance. Babu inda za ka yi sallah, babu buta. Wasu wasannin ba za ka shiga ba sai da lambar waya mai rajista da katin zamanka. Ga ashar da samari ke zubawa in an ci su. Ƙarfe biyun dare, cikin mutum ɗari, ba wanda ya ce min sannu. Sai na ji kewar teburin mai shayi ta kama ni, inda ko ba ka da sisi za a matsa maka benci.

Ƙanina dai na ce masa kada ya sayi PlayStation ko ɗaya tukuna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareto zai cinye ribar kafin ta shigo hannu, don haka ya fara tambayo min kuɗin sola da batir. Ya yi magana da mai shayi da indomi su haɗa gwiwa. Ya je wajen mai unguwa da liman su tsayar da lokacin rufewa, a rufe kuma lokacin sallah da na makaranta. In ya dawo min da waɗannan, zan turo kuɗin.